Mai Neman Babban Digiri a Ilimin Zamantakewa, Ka Shiga Cikin Mutane

A shekarar 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa, kuma sai a watan Yulin 2004 Kano ta amince aka ci gaba. Kafin a farga, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. A wancan lokaci ba likitoci aka rasa ba, ba kuma maganin aka rasa ba. An rasa wanda zai zauna a zaure ko a tsakar gida ya ji dalilin da ya sa uwa ke ɓoye ɗanta a bayan ƙyaure idan ta ji sallamar masu ɗigo. Da masu bincike irin su Maryam Yahya da Elisha Renne suka bi mutane suka saurare su, sai ga dalilai da ba jahilci ne ya haife su ba. Jama'a ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba. Sannan suna tambaya: me ya sa ake bin mu har gida da maganin shan-inna kyauta, alhali in yaro ya kamu da ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro sai mun je asibiti mun biya, wani lokaci ma a ce babu magani? Wannan tambaya ce ta mai hankali. Sai da aka ɗauke ta da muhimmanci, aka jawo sarakuna da malamai da masu unguwanni cikin aikin, aka haɗa ɗigon da wasu magungunan da mutane ke buƙata, kafin a kai ga ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da cutar a watan Agustan 2020.

Sauraron irin wannan tambaya da bin diddiginta shi ne aikin masanin zamantakewa. Domin a horar da masu wannan aiki aka buɗe karatun digiri na biyu da na uku a sassan soshiyoloji na jami'o'inmu, daga Zariya zuwa Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai. Na daɗe ina koyarwa a wannan fanni, ina duba kundayen ɗalibai, ina zama wurin kare su. Ra'ayina shi ne karatun yana da matuƙar amfani, Arewa kuma tana buƙatarsa fiye da kowane lokaci, amma yadda muke yin sa yanzu ya raba ɗalibi da mutanen da ya ce yana nazari. Ana ba da digiri ga wanda bai taɓa kwana a garin da ya rubuta shafi ɗari biyu a kansa ba.

Bari in faɗi yadda abin ke tafiya, don wanda bai sani ba. Ɗalibin digiri na biyu yakan yi zango biyu a aji: nazariyya, dabarun bincike, ƙididdiga, da wasu kwasa-kwasai na ɓangaren da ya zaɓa, ko laifuka ne, ko lafiya, ko raya karkara, ko yawan jama'a. Daga nan a ba shi malamin da zai duba aikinsa, ya kawo take, ya kare shawarar bincikensa, a sake shi ya tafi fili. A nan gizo ke saƙar. Mafi yawa sukan ɗauko adadin mutanen ƙaramar hukuma daga ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya, su yi hasashen ƙaruwarsa, su zuba shi cikin lissafin Taro Yamane, lissafin ya ba su abin da bai wuce mutum 400 ba, domin haka lissafin yake bayarwa a duk inda jama'a ke da yawa. Sai a buga takardar tambayoyi 400 da Turanci, kowace tambaya da amsoshi biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam". A raba, a tattara, a kai wa wani yaro mai kwamfuta a bakin ƙofar makaranta ya zuba a manhajar SPSS, ya fito da jadawali. Babi na biyar kuma shawarwari ne da kowa ya haddace: gwamnati ta wayar da kan jama'a, ta samar da ayyukan yi, iyaye su sa ido. Na ga kundi a kan shaye-shaye, na ga wani a kan mutuwar aure, na ga wani a kan bara, kuma da za a musanya babin ƙarshe na ɗaya da na ɗaya babu wanda zai lura.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da takardar tambayoyin ke zubarwa a hanya. Na taɓa raka wata ɗalibata cikin wani gida a wani ƙauye da ke gefen birni. Muka yi sallama, muka tarar da matar gidan a gaban murhu, hayaƙi ya cika tsakar gida, tana matsar man gyaɗa, ga tunkuza a ƙwarya tana jiran a murza ƙuli-ƙuli. Bayan an gaisa an ba mu tabarma, ɗalibar ta buɗe takardarta ta ce, "Inna, wace sana'a kike yi?" Matar ta goge hannu da gefen zani ta ce, "Wayyo 'yar nan, ni ai ba na aikin komai, ina zaune ne a gida." Ɗalibar ta kai biro kan akwatin da aka rubuta matar gida marar aiki. Na dafa hannunta na ce ta dakata. Muka zauna har la'asar, ba tambaya, sai hira. A cikin hirar muka ji cewa matar kan sayi gyaɗa da kaka ta ajiye, tana da awaki a wurin wani ɗan'uwanta da suke raba 'ya'ya, ita ce uwar adashin matan layin, kuma a shekarar da gero ya ƙare wa maigidan tun kafin damina ta yi nisa, ita ta ranta masa kuɗin da ya sayi hatsi, ya kuma biya ta bayan girbi. Muna zaune 'yarta ta shigo da farantin talla, ta juye kuɗi a gabanta, uwar ta ƙirga ta ware wasu ta ƙulle a bakin zani, ta ce na kayan ɗaki ne. A wurinta aiki shi ne abin da ake fita a yi a karɓi albashi, don haka ba ƙarya ta yi ba. Amma da mun tashi bayan minti goma, da an rubuta ta cikin kashi kaza bisa ɗari na matan da ba sa samar da komai, kuma da wani ya gina shiri a kan wannan adadi.

Ba mu ne muka fara ganin haka ba. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta rubuta a kan cinikin da mata ke yi daga cikin gidajen kulle, wanda ba a gani a kasuwa, ta kuma nuna cewa manoman ƙauye ba ɗaya suke ba: akwai mai sayar da hatsi da araha da kaka saboda bashi, ya yi ƙwadago a gonar wani da damina ya bar tasa, ya dawo ya sayi hatsin da tsada. Littafinta ya fito a 1972. Enid Schildkrout ta zauna cikin birnin Kano a shekarun 1970, daidai lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976, ta nuna cewa yara su ne ƙafafun matan da ke kulle, kuma kuɗin talla da shi ake haɗa kayan ɗakin yarinya. Duk wanda ya karanta wannan ya san cewa ba a raba yarinya da talla da doka kawai. Dole a yi tunanin wa zai kai wa uwar kayanta kasuwa, da kuma wa zai sayi gado da kwanuka ranar biki. Shekara kusan hamsin ke nan, kuma har yau ana kafa dokar hana talla a kama yara a sake su, gobe su dawo.

Idan na lissafa littattafan da suka fi bayyana zaman Bahaushe, ina jin daɗi ina kuma jin ciwo. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, tsohuwar ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa, littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har yau da wuya ka sami abin da ya kai shi bayyana aure, kishi, ƙawance, bauta da riƙon yara daga bakin mace. Mijinta M. G. Smith ya rubuta a kan sarautar Zazzau a 1960, ya kuma yi na Daura da na Kano. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda fataucin shanu da goro ya tsaya a kan amanar da ke tsakanin maigida, dillali da baƙo, ana ba da shanu bashi ba takarda ba sa hannu, da yadda ɗarikar Tijjaniyya ta ƙara ɗaure wannan amana. Paul Lubeck ya bi ma'aikatan masana'antun Kano da gardawa, aikinsa ya taimaka wajen fahimtar waɗanda suka bi Maitatsine a 1980. Dukkansu baƙi ne. Sun koyi harshen, sun zauna watanni, wasu shekaru, sun sha ruwan rijiya, sun halarci suna da jana'iza. Mu da aka haifa da harshen a baki, muke da dangi a kowane ƙauye, mu ne muke aika takarda ta je ta dawo.

Ba wai ba mu da namu ba. Marigayi Ibrahim Tahir, Talban Bauchi, ya yi digirinsa na uku a Kambirij a 1975 a kan malamai, sufaye da attajiran Kano, ya dawo ya koyar a Zariya. A Zariyar ne aka kafa ƙungiyar mata ta WIN a 1982, da hannun malamai irin su Ayesha Imam. A nan Patrick Wilmot ya koyar har gwamnatin soja ta fitar da shi daga ƙasar a 1988, abin da ke nuna cewa akwai lokacin da masu mulki ke jin tsoron abin da ake faɗa a ajin soshiyoloji. A 2021 Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda masanin tarihi ne, ya gabatar da sakamakon shekarun da ya yi yana bin al'amarin 'yan bindigar Zamfara har cikin daji, kuma duk ƙasar ta saurara, domin ya je ya gani. Irin wannan aiki ya kamata a ce sassan soshiyoloji ne ke fitar da shi duk shekara.

Ina so in yi wa ɗalibai adalci, domin na san halin da suke ciki. Yawancinsu ma'aikata ne masu iyali, sun zo ne don takardar da za ta kawo ƙarin girma, kuma babu aibu a neman ƙarin girma. Su ke biyan kuɗin makaranta daga aljihunsu, su biya na bugawa da ɗauri, tallafin TETFund kuwa malaman manyan makarantun gwamnati yake kaiwa, bai kai kan malamin sakandare ko ma'aikacin ƙaramar hukuma. Digirin da aka ce shekara biyu ne yakan ja ya kai huɗu ko biyar. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Malami ɗaya yana riƙe da ɗalibai da yawa fiye da abin da zai iya karantawa da natsuwa, ga nasa albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Sannan akwai garuruwan da hanya ta hana zuwa. Wanda ya ce wa ɗalibi ya tafi Birnin Gwari ko Zurmi ya zauna wata uku, bai san darajar ran ɗan mutane ba. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ba ya wanke mu. Mutanen waɗancan ƙauyuka suna nan cikin Gusau da Katsina da Sakkwato, a kangwaye da gidajen dangi, wasu sun tsallaka Maraɗi. Mota ɗaya ce tsakanin ɗalibi da su. 'Yan adaidaita sahu, 'yan jari-bola, masu saye da sayar da waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, matan da ke aikatau, zawarawan da aka aurar a auren gata tun daga 2012: duk suna bakin ƙofar jami'a. Zama da su ba ya cin kuɗin da buga takarda 400 ke ci. Lokaci yake ci, da haƙuri, da sauke girman kai.

Kada a fahimce ni a matsayin mai gaba da ƙididdiga. Akwai tambayoyin da sai adadi ke amsa su: mata nawa ke haihuwa a asibiti, yara nawa ke mutuwa kafin shekara biyar. Amma irin wannan ƙidaya tana buƙatar kuɗi da tsari da ɗalibi ɗaya ba shi da su, kuma an riga an yi ta. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa lokaci-lokaci yana nan, ana ba ɗalibi bayanansa kyauta idan ya nema ta intanet. Mai son lissafi ya ɗauki wannan ya koyi sarrafa shi da hannunsa, ya daina biyan wani. Sannan ya ɗauki abin da adadin ya nuna ya je ya tambayi dalili. Jadawali zai gaya maka cewa mata da yawa a Arewa maso Yamma a gida suke haihuwa. Ba zai gaya maka abin da ma'aikaciyar jinya ta faɗa wa mace a haihuwarta ta fari ba, wanda ya sa ta rantse ba za ta koma ba.

A nan maƙwabtanmu na Nijar suna da abin koya mana. A Yamai akwai cibiyar bincike ta LASDEL, wadda aka kafa a 2001, cikin waɗanda suka kafa ta akwai Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou. Masu bincikenta kan zauna a asibitoci, kotuna, ofisoshin kwastan da majalisun ƙananan hukumomi, su kalli yadda aiki ke gudana a zahiri, su kwatanta da abin da doka ta rubuta. Sun nuna cewa tsakanin dokar takarda da abin da ma'aikaci ke yi akwai wasu ƙa'idoji da ba a rubuta ba amma kowa ya san su, kuma duk gyaran da bai san da su ba zai mutu a hanya. Sukan fita fili a ƙungiya, manya da ƙanana tare, su dawo da yamma su tattauna abin da kowa ya ji, ta haka sabon shiga ke koyon aikin. Rahotanninsu suna nan kyauta. Nijar ba ta fi mu kuɗi ba. Abin da ya hana sashe ɗaya a Kano ko Zariya ya ɗauki ɗalibansa na digiri na biyu ya kai su kasuwar Dawanau ko wani asibitin gari na mako biyu kafin kowa ya zaɓi take, ban gan shi ba.

Ita ma nazariyya muna koyar da ita a bushe. Ɗalibi zai haddace Durkheim da Weber da Marx, ya liƙa ɗaya a babi na biyu, ba ya sake waiwayarsa. A karanta su, sun cancanta. Amma Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya yi magana a kan dangantakar mutanen daji da na birni da ƙarfin zumuncin da ke kafa mulki ya kuma rushe shi, ya kuma ja kunnen mai bincike da ya auna kowane labari da yanayin zaman mutane kafin ya karɓa. Peter Ekeh a 1975 ya bayyana dalilin da ya sa mutum zai ji kunyar taɓa kuɗin ƙungiyar garinsu amma bai ɗauki na gwamnati a bakin komai ba. Waɗannan sun fi kusa da abin da ɗalibinmu ke gani da ido, kuma wanda ya zauna da mutane sosai shi ne zai iya cewa a nan Weber ya yi daidai, a nan kuma bai san mu ba.

Rashin wannan zama muna biyan kuɗinsa da tsada. A 2012 aka buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato, aka gina irinta da yawa a Arewa, da dama daga cikinsu suka lalace ko aka mai da su wani abu daban. A 2020, lokacin korona, gwamnoni suka yi ta lodin almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu, ba a daɗe ba suka dawo. Hannah Hoechner, wadda ta zauna da almajirai a Kano har suka shirya fim tare mai suna Duniya Juyi Juyi, ta nuna a littafinta na 2018 cewa uban da ya tura ɗansa yana auna abubuwa ne: rumbun da ya yi ƙasa da rani, firamaren ƙauyen da yaro ke gamawa bai iya karatu ba, da tarbiyyar da yake fatan ɗansa ya samu. Shirin da bai taɓa waɗannan ba, ɗinka riga ne ba a auna mai ita ba. Yanzu an kafa hukumar almajirai ta ƙasa tun 2023. Ina fata kafin ta sa tubali ta nemi waɗanda suka zauna a tsangaya suka saurara, ina kuma fata a ce mun horar da su.

Ga mai tambaya ko digirin zai ba shi aiki, amsata ita ce takardar kaɗai ba za ta ba shi ba, masu irinta sun yi yawa. Ƙwarewar ce ake nema. Ƙungiyoyin agaji da suka cika Maiduguri da sauran wurare kullum suna ɗaukar yaranmu su riƙa tattara bayanai da waya a kan kuɗin yini, sannan a kawo wani daga waje ya fassara bayanan ya sa sunansa a rahoto. Wanda ya iya tsara bincike, ya iya hira da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ba tare da ya sa wa mutum magana a baki ba, ya iya kare sirrin wanda ya amince masa, ya kuma iya rubutu mai tsabta, shi ne zai hau waccan kujera.

Roƙona ga shugabannin sassa da makarantun gaba da digiri abu biyu ne, kuma ba sa buƙatar kasafin kuɗi. Kada a sa hannu a kundin ɗalibin da bai kawo littafinsa na fili ba, wanda ya rubuta da hannunsa rana-rana, da wurin da ya zauna da abin da ya ji. Sannan kada a ba shi takarda sai ya rubuta taƙaitaccen sakamakonsa da harshen mutanen da ya yi nazari, ya koma ya karanta masu a ƙofar mai unguwa ko a tsakar gida ko a gidan rediyo, su ce masa inda ya faɗi daidai da inda ya kauce. Su suka ba shi lokacinsu da sirrinsu kyauta, suna da haƙƙin su ji abin da aka rubuta a kansu.